Yadda ake zaɓen mazaunin inji na motar gudu a Damagaram: na asali ko na kasuwa

Motata BMW 330Ci ce mai ƙofa biyu, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 2000 da 2006. Ta sha hanya a Turai kafin ta iso hannuna, kamar yawancin motocin da muke hawa a garin nan. Wata rana cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40 tun kafin azahar, na tsaya kusa da Kasuwar Dole ina jiran ƴan kabu-kabu su ba ni hanya, kilim, wato na'urar sanyaya mota, a kunne. Sai na ga madubin tsakiya yana rawa, har ba na iya gane fuskar mai tuƙin da ke bayana. Da hanya ta buɗe na saki kuloci na taka, sai na ji "gum" daga ƙasa kamar an saki taɓarya cikin turmi.

Makanikena dattijo ne, Baba nake ce masa. Ya buɗe bonet, ya haska tocila ta gefen inji, bai yi minti ɗaya ba ya ɗago ya ce, "Alhaji, sufor ɗinka sun zauna. Na hagu ma ya zubar da ruwansa."

Abin da makanikan nan ke kira sufor, mutanen Kano na ce masa injin sit. Ni zan ce mazaunin inji. Dunƙulen roba ne da ƙarfe da ke tsakanin inji da jikin mota. Yana ɗauke da nauyin inji, yana hana shi juyawa in ka taka, yana kuma shanye karkarwarsa don kada ta iso kujerarka. Ayyukan nan suna jan juna: mai laushi yana shanye karkarwa amma yana barin inji ya yi lilo, mai tauri yana riƙe inji gam amma duk wani motsinsa sai ka ji a haƙoranka. Duk gardamar na asali da na kasuwa a nan take.

Da farko, tabbatar mazaunin ne ya mutu

Ba duk motar da ke rawa ce mazauninta ya lalace ba. Bujiya (fulogi) ɗaya da ta daina wuta, ko bobin da ke ba ta wutar da ta gaji, ko iskar da ke shiga ta tsagaggen tiyo, duk suna sa inji karkarwa a ralanti, wato silo. In fitilar inji na kunne, a sa na'ura a karanta kafin a kwance ko noti ɗaya.

Gwajin da Baba ya yi mai sauƙi ne. A ajiye mota a fili, a ja birkin hannu, a sa dutse gaban taya da bayanta, a buɗe bonet. Kai ka zauna ciki, mai dubawa ya tsaya a gefe, kada ya tsaya gaban mota ko da wasa. In otomatik ce, danne birki sosai, sa D, ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka maimaita a R. In mai giyar hannu ce, sa giya ta ɗaya ka ɗan saki kuloci har inji ya fara ja, sai ka mayar. Inji mai lafiyayyen mazauni zai ɗan karkata ya dawo a natse. Wanda mazauninsa ya rabu zai yi tsalle gefe guda, sau da yawa da ƙarar ƙarfe kan ƙarfe.

Bayan haka a ɗaga mota a duba da ido. Nemi tsaga a roba, ko wurin da roba ta saki ƙarfen da aka manna ta, ko baƙin ruwa da ya gangaro ya bushe a jikin mazaunin. A ƙurar hunturu wannan ba ya ɓuya, don ƙura na liƙewa a wurin ta yi ɓawo. Akwai kuma mutuwar da ba ta da alama: mazaunin ya lotsa, tsayinsa ya ragu. Sai ka jera shi da sabo a kan tebur kake ganin bambancin, wani lokaci kaurin yatsa guda.

Kada a yi sakaci da shi don ana ganin roba ce kawai. Inji in ya sauka ko yana lilo, yana jan tiyon radiyeta, yana tsaga bututun hayaƙi, yana tsinka wayoyi. A irin motata masu otomatik, fanka a jikin inji take, in mazauni ya zauna sai ta fara cin murfin robar da ke kewaye da ita, ta iya tarwatsewa ta fasa radiyeta. A ƙarshen 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocin Chevrolet kusan miliyan 6.7 saboda mazaunin inji da ke rabuwa: inji ya ɗaga, ya ja sandar totur, mota ta ƙara gudu ba da son direba ba. Motocin yanzu da totur ɗin lantarki ba su da wannan haɗarin, amma labarin ya nuna girman abin.

Na biyu, san abin da motarka ta zo da shi

Duba yadda injinka ya kwanta. In a tsaye yake daga gaba zuwa baya kuma tayoyin baya ne ke ja, kamar BMW, Mercedes, Nissan 350Z, Ford Mustang ko Toyota 86, to galibi mazauni biyu ne a gefen inji, da na ƙarƙashin buwat ɗin giya. In a gicciye yake, kamar Golf GTI, Peugeot 206 RC ko Honda Civic Type R, to akwai ɗaya a dama mai ɗaukar inji, ɗaya a hagu mai ɗaukar buwat, da wata gajeruwar sanda a ƙasa wadda ba ta ɗaukar nauyi, aikinta kawai hana inji juyawa gaba da baya. Riƙe maganar sandar nan, za mu dawo kanta.

Sannan ka san irin mazaunin. Akwai na roba zalla, mai sauƙi da juriya. Akwai na ruwa, wanda cikinsa ɗakuna biyu ne cike da ruwa dangin na radiyeta, da siririyar hanya tsakaninsu. In inji na ƴar karkarwa mai sauri, robar ce ke aiki cikin laushi. In ka faɗa rami inji ya yi babban motsi, ruwan sai ya matsu ta siririyar hanyar ya kashe motsin, kamar yadda shokozoba ke yi. Da wannan dabara ne mazauni ɗaya ke zama mai laushi da mai tauri gwargwadon buƙata, abin da dunƙulen roba ba zai iya ba. Nau'i na uku yana da waya ko siririn tiyon iska a jikinsa, kwamfutar mota ce ke sauya taurinsa. Porsche tun wajen 2010 ta sa wa 911 GT3 mazauni mai ruwa da garin ƙarfe a ciki, wanda maganaɗisu ke daskarar da shi in ana gudu. In naka mai waya ne, zaɓinka ya ragu: ka sa wanda ba shi da waya, kwamfuta na iya kunna fitila ta ƙi kashewa.

Na uku, kasuwar ba kashi biyu ba ce

Mutane na cewa "orijinal ko adaftabul" kamar magana ta ƙare. In ka zauna da mai sayar da kayan mota ka sa ya zazzage maka abin da ke shagonsa da abin da zai iya aikowa daga Kano ko Yamai, za ka ga tuli biyar ne.

Na asali shi ne mai kwalin kamfanin motar da tambarinsa. Shi ya fi tsada, kuma a Damagaram ba ka samunsa a kan kanta don irin motocin nan, sai an yi oda.

Tuli na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba, kuma a ganina nan ribar take. Kamfanonin mota ba su ne ke dafa robar da kansu ba. Wasu kamfanoni ke ƙera musu: Lemförder na rukunin ZF, Corteco na rukunin Freudenberg, Vibracoustic, ContiTech, da Hutchinson na Faransa wanda ya saba da motocin Peugeot da Renault. Waɗannan suna sayar da kayan a kwalinsu da rahusa. Wani lokaci in ka juya mazaunin za ka ga wurin da aka goge tambarin kamfanin motar da dutsen wasa, don ba su da izinin sayar da shi da tambarin. Wannan gogewar ba aibi ba ce, alama ce mai kyau. Sai dai ka bincika wane kamfani ne ya yi wa motarka tata, domin sunan da ya yi fice a wata mota ba lallai shi ya yi na taka ba.

Na uku shi ne na araha marar suna, ko mai sunan da ba wanda ya taɓa ji. Siffarsa daidai, ramukan noti daidai, amma robar Allah kaɗai ya san da me aka haɗa ta. Sau da yawa inda na asali ke da ruwa, shi roba ce tsagwaronta a ciki. Araha ba ta ado. Kuɗin aikin makaniki ɗaya ne ko mai kyau aka ɗaura ko marar kyau, kuma za ka biya shi sau biyu.

Na huɗu shi ne na hannu, wanda aka cire daga motar da aka yanka a Turai. Ga ƙofa ko madubi ko buwat, na hannu ba laifi. Ga roba, ban yarda ba. Roba na tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye, kuma mazaunin da ya yi shekara 15 a sanyin Jamus sannan ya kwana a rana a tashar jirgin ruwa, sauran kwanansa kaɗan ne. Haka nake kallon dabarar gareji ta cusa yankin tsohuwar taya cikin mataccen mazauni ko zura masa dogon noti ta tsakiya. In ka lalace tsakanin Tanut da Agadas, a yi maka ka iso gida. Ba gyara ba ne.

Na biyar shi ne na ƴan tsere, kuma shi ke ruɗar masu motar gudu. Yana zuwa hawa-hawa: roba mai ƙarin tauri, irin wadda sassan tsere na kamfanonin kansu ke sayarwa kamar Nismo na Nissan da STI na Subaru, sai poliyuretan, wata roba mai kama da leda mai kauri, daga kamfanoni irin Powerflex, SuperPro da Energy Suspension, sai ƙarfe zalla na alminiyom wanda ba ya shanye komai. Ana auna taurin da ma'aunin Shore A, daga 0 zuwa 100. Robar tayar mota tana wajen 60 zuwa 70. Mazaunin asali galibi ya fi ta laushi. Powerflex na bambanta nasu da launi: rawaya 70, shunayya 80, baƙi 95.

Na huɗu, tambayi kanka ina kake tuƙa motar

A nan na yi kuskurena, bari in faɗa. Da Baba ya ce sufor sun mutu, na kwana ina kallon bidiyon Turawa a YouTube, kowa na yabon poliyuretan: giya na shiga ras, mota na amsa totur nan take. Na yi oda mai tauri 80. Da kayan suka iso Baba ya juya ɗaya a hannunsa, ya danna da babban yatsa bai lotsa ba, ya ce, "Alhaji, wannan ai dutse ne aka shafa wa fenti. Ka tabbata?" Na ce, "Baba, ɗaura kawai, haka masu tsere ke yi." Ya ce to, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Gaskiya giyar ta gyaru. Sandar giyar ta daina rawa, kuma in na taka a kan gudron ɗin Takeita motar tana miƙewa ba tare da wannan ɗan jinkirin ba. Amma a cikin gari abin ya zama azaba. Kowane ɗan sulalla da ke aljihun ƙofa ya samu murya. Dashbod na zuzu, madubi na rawa fiye da lokacin da tsohon mazaunin ya mutu, in kilim ya kama sai ka ji har a ƙashin baya. Uwargida ta hau sau biyu, a na uku ta ce ita dai a kira mata adaidaita. Sati uku na yi na mayar da motar gareji.

Lissafin abin ba wuya. Inji mai silinda 4 yana fashewa sau 2 a kowane zagaye. In yana ralanti a 800, fashewa 1,600 ke nan a minti, kusan 27 a daƙiƙa. Mai silinda 6 sau 3 ne a zagaye, a 700 zai ba ka 35 a daƙiƙa. Mazaunin asali an daidaita laushinsa ne don ya tare wannan bugun. Ka ƙara tauri, sai bugun ya ratsa ya shiga jikin mota. Kuma ka lura, injina mai silinda 6 ne a jere, wanda ya fi kusan kowane inji natsuwa a halittarsa, amma ya yi min haka. Mai silinda 4, balle mai gazuwal, wato dizal, ya fi muni nesa ba kusa ba.

Waɗanda ke yabon kayan a bidiyo suna da filin tsere kusa da su, suna zuwa ƙarshen mako su yi ta zagaye da inji a sama da 5,000. A can, inji da bai motsa ba riba ce: giya ba ta kuskurewa a kwana, nauyi ba ya jujjuyawa. Mu a Damagaram ba mu da filin tsere. Muna da lungunan Birni da Zango, tudun rage gudu, ramukan da damina ke bari, yashi, da jan laterit mai gargada in ka sauka daga gudron. A gargada, mazauni mai tauri yana miƙa kowane duka ga hannayen alminiyom da ke riƙe inji da kuma ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Noti na kwancewa, walda na tsagewa. Da mazaunin ƙarfe zalla har na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji na iya ruɗewa, kwamfuta ta rage ƙarfi, ka sayi kayan ƙara gudu ka samu ragi.

Sai maganar zafi da mai. Robar asali ba ta shiri da man inji, yana kumbura ta ya lalata. Poliyuretan ya fi ta jure mai, wannan gaskiya ne, amma ba ya son zafi, kusa da bututun hayaƙi yana laushi ya lotse. A motata abin ya rabu gida biyu: bututun hayaƙi a dama yake yana gasa mazaunin dama, gidan matatar mai da ya saba yoyo a hagu yake yana ɗiga wa na hagu, kuma na hagun ne ake ja sama duk lokacin da ka taka. Shi ya sa shi ya fara mutuwa.

To ga hukuncina. In injinka yana yadda kamfani ya yi shi, kuma motar ita ce ta zuwa aiki da biki da tafiyar Maraɗi, sayi na asali ko na kamfanin da ya ƙera wa masu motar. In mai ruwa ne, mayar da mai ruwa. Kada ka ji kunyar cewa motar gudu ce: injiniyoyin da suka yi ta sun san motar gudu suke yi, sun riga sun sa mata abin da ya fi na motar iyali tauri.

In an ƙara wa injin ƙarfi, an taɓa kwamfuta ko an sa babban turbo, har tayoyin gaba na tsalle-tsalle in ka tashi da ƙarfi, to akwai dalilin ƙara tauri. Amma fara da wuri ɗaya, wanda ba ya ɗaukar nauyi. A mota mai inji a gicciye, wannan ita ce sandar ƙasa da na ce ka riƙe. Ana ma sayar da ɗan abin cusawa da ke cike ramukan robar asali ba tare da an cire ta ba, in bai yi maka ba ka zare shi cikin rabin awa. Zaɓi mafi laushi, 70 ko ƙasa. A mota mai jan baya, roba mai ƙarin tauri ta fi poliyuretan dacewa da mu. Ƙarfe zalla kuwa, sai motar da ake ɗauka a bayan tirela zuwa filin tsere.

Abu ɗaya kada ka yi: mai tauri a dama, mai laushi a hagu. Mai laushin ne zai sha duk wahalar, ya mutu da wuri.

Na biyar, saye

Kada ka ce wa mai shago "sufor ɗin BMW". Ɗauko lambar shasi mai harufa da lambobi 17 daga kart giriz, wato takardar mota, ka gwada ta da wadda ke jikin motar, a nemo lambar kayan da ita. Mota iri ɗaya shekara ɗaya tana iya samun mazauni daban saboda girman inji, ko irin buwat, ko gefen sitiyari. Wasu na dama da na hagu iri ɗaya ne, wasu ba haka ba. In tsohon mazaunin na asali ne, goge shi da tsumma, lambar na nan a jikinsa. Ɗauki hotonsa ta kowane gefe ka tura ta WhatsApp ga wanda zai saya maka, ko a Yamai mai nisan kusan kilomita 900, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano da ba ta fi 240 ba. Ku yi magana tun kafin kuɗi ya fita: in bai hau ba, za a karɓa?

Babban haɗarin kasuwarmu shi ne jabu cikin kwalin asali. Kwali ba shaida ba ne, ana buga shi. Fito da kayan ka riƙe. Na kirki yana da nauyi, ƙarfensa sumul, zaren notinsa tsaf, lambobin da ke jikin robar sun fito sarai ba a dagule ba. Duba layin da roba ta haɗu da ƙarfe, kada ka ga rata ko gam da ya malalo. Danna farce: roba mai kyau tana lotsawa ta dawo, ba ta barin baƙi a hannu kamar gawayi, ba ta warin ƙonanniyar taya. Jera shi da tsohon: ramuka su yi daidai, ƴar ƙusar da ke shiga rami don saita shi ta kasance wuri ɗaya, sabon ya ɗan fi tsohon tsayi. In farashin "na asali" ya yi kusa da na marar suna, ka riga ka samu amsa.

Ƙasar da aka rubuta a kwali ba ta yanke hukunci. Manyan kamfanonin nan suna da masana'antu a Sin da Turkiyya da gabashin Turai.

Sayi biyu tare, ka duba na buwat ma. Shekarunsu ɗaya, wahalarsu ɗaya. Tambayi kuma ko notocin motarka irin waɗanda ake ɗaurawa sau ɗaya ne. Volkswagen na amfani da masu miƙewa in an ɗaure su, na wasu injinan BMW da suka biyo bayan nawa kuma na alminiyom ne. Irin waɗannan ba a mayar da tsoho, a sa su cikin odar tun farko.

Na shida, ɗaurawa

Kafin komai a toshe yoyon mai. In ba haka ba sabon mazaunin zai bi tsohon.

A bar inji ya huce, a cire kan batir, a ɗora mota kan ƙafafun ƙarfe ko a kai ta rami. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka ɗora kan bulo. A tallafi inji, in da sandar rataye shi ta sama ita ta fi. In jak za a sa ta ƙasa, a shimfiɗa faffaɗan katako tsakaninsa da kaskon mai, a gefe inda ya fi ƙarfi, domin kaskon alminiyom fashewa yake yi, ba ya lanƙwasa. A kwance notocin, a ɗaga inji a hankali gwargwadon yadda mazaunin zai fita kawai. Wani ya tsaya sama yana kallon fanka, tiyoyin ruwa, bututun kilim da wayoyi. Na ga yaron gareji yana ta buga jak yana hira har tiyon sama ya tsage. Hannu kuma kada ya shiga tsakanin inji da mazauni.

A canza ɗaya bayan ɗaya. A sa sabon, a tabbatar ƙusar saitin ta faɗa raminta, a kama notoci da hannu kawai. Farantin da ke kare mazauni daga zafin bututun hayaƙi a mayar da shi. Yara na yawan jefar da shi gefe su ce ba ya aikin komai, alhali a zafinmu shi ne ran mazaunin dama.

Ga inda aiki ke kyau ko ya ɓaci: kada a ƙarasa ɗauri inji na rataye. A sauke shi ya zauna da nauyinsa, a ɗan girgiza shi da hannu ya samu wurinsa, sannan a ɗaure da kilen auna ƙarfi, wato sifana mai nuna ƙarfin ɗauri, bisa adadin da littafin motar ya faɗa. Mazaunin da aka ɗaure a murɗe yana karkarwa tun ranar farko, mai mota ya zagi kayan alhali ɗaurin ne. In an ƙara bututu a kan kile ana hawa da ƙafa, zaren alminiyom zai tafi.

Bayan an gama

Tada inji, saurare shi kilim a kashe, sannan a kunne. Maimaita gwajin birkin nan. Leƙa ƙasa ka ga bututun hayaƙi bai taɓa komai ba, don inji ya ɗan ɗaga yanzu, ratar da ya saba da ita ta sauya. Sabon mazauni kan ɗan yi tauri kwanakin farko kafin ya zauna. Baba yana ɗiga farin fenti a kan kowane noti da ƙarfen da ke gefensa, bayan sati guda in layin ya goce ya san ya motsa. In poliyuretan ka sa, wannan dubawar dole ce, kuma ka riƙa maimaita ta duk lokacin juyen mai.

A karo na biyu na sa masu ruwa daga kamfanin da ke ƙera wa masu motar, biyu a gaba, da sababbin na buwat, aka canza gasket ɗin gidan matatar mai. Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauki uwargida muka nufi Mirya, ta ajiye kofin shayi a tsakaninmu bai fantsama ba. Masu launin shunayyan nan suna rataye a ƙusa a garejin Baba, ya ce in an samu wani mai taurin kai irina zai sayar masa da su.